Wa ke ba su kanwa? Tafiyata dajin Dartmoor

Ni dai tun ina yaro abin da na sani game da doki shi ne dabba ce ta gata. A gidanmu can Katsina kawuna yana da wani akawal, turkensa daban a bayan zaure, da asuba a kwashe masa kashi a zuba sabon yashi, a ba shi dusa da dawa, da yamma harawa, duk bayan 'yan kwanaki a jiƙa masa kanwa ya sha. Wallahi mu yaran gidan ba a damu da cikinmu ba kamar yadda aka damu da na dokin nan, in ya yi tari sau ɗaya ranar kawu ba ya barci. To wanda ya tashi a haka ne aka ce wa wai akwai wani daji a Ingila da dawaki ke yawo su kaɗai, ba turke ba ragama ba mai tsaro, ruwa da sanyi duk a kansu. Nace sai dai in gani da idona.

Wani abokina ne da muka yi sakandare tare ya ja ni, yana aikin jinya a garin Exeter. Ƙarshen watan Fabrairu na hau jirgin ƙasa daga tashar Paddington a Landan, awa biyu da 'yan mintuna sai ga ni a can, washegari da safe muka shiga tsohuwar motarsa mai ƙaurin kofi muka nufi Dartmoor. Ya ce in sa takalmi mai dogon wuya, na ƙi ji, na sa kambas ɗina fari sabo, wannan labarin zan zo kansa.

Daga garin Bovey Tracey hanya take fara hawa, tana ƙara matsewa, bishiyoyi suna raguwa, can sai na ji motar ta yi wani gurrrr har haƙorana suka kaɗa. Ashe rami ne aka haƙa a tsakiyar titi aka jera ƙarafa a kai, taya na wucewa amma mai kofato ba ya iya takawa. Abokina yace mutumina daga nan ka shigo gidansu, duk abin da ka gani a titi shi ke da hanya. Ga allo an rubuta kar a wuce mil 40 a awa, ga hoton ɗan doki a jikin tambarin wurin, don tun 1951 da aka mai da Dartmoor gandun ƙasa dokin nan suka ɗauka a matsayin alamarsu.

Wurin dai in ka taɓa zuwa Jos za ka ɗan gane abin da nake nufi, tudu bayan tudu, a kan kowane tudu tulin manyan duwatsu kamar wani ne ya ɗora su da hannu, sai dai nan babu rana, babu bishiya, ciyawa duk ta koma ruwan ƙasa, iska kuma kamar ana yankar kunnenka da reza. Faɗinsa murabba'in kilomita 954. Fiye da kashi ɗaya cikin uku na wurin hurumi ne, wato makiyaya ta gamayya, ƙasar tana da mai ita, babban ɓangare ma na masarautar Cornwall ne da ke hannun Yarima William yanzu, amma manoman da ke kewaye suna da haƙƙin sako dabbobinsu su yi kiwo, haƙƙin yana bin gona ne tun kaka da kakanni. Wannan bai ba ni mamaki ba, mu ma mun san hurumi mun san burtali, bambancin kawai nasu a rubuce yake kuma ba wanda ya isa ya wayi gari ya yanka shi fuloti.

A Haytor muka fara tsayawa. Ko kashe mota ba mu yi ba sai ga su nan sun taho, guda biyar ko shida, suna tafe a hankali kamar 'yan karɓar haraji. Na yi dariya da na gan su, don waɗannan ai ƙuru ne, tsayinsu bai fi na babban jaki ba sosai, gajerun ƙafafu, ciki tulu, gashi kuma ya yi kauri kamar an lulluɓa musu bargo, geza ta rufe ido. Akwai ja, akwai baƙi, akwai wani danda mai fari da ja da ya fi kowa rashin kunya. Shi ne ya zuro kai ta tagar da na sauke, numfashinsa mai ɗumi a fuskata, yana shinshinar aljihun rigar sanyina. Ni kuwa ɗan gidan kawu, raina ya yi fari, na ciro biskit na miƙa masa. Ya karɓe, na biyu ya taho, dandan ya juya ya kai masa harbi da ƙafar baya har ya samu ƙofar motar, kafin in janye hannu ya cafki hannun rigata ya ja.

Sai na ji murya a bayana. Wata dattijuwa ce da sanda da ƙaramin kare a igiya, ta kai shekara saba'in, ba ta ɗaga murya ba amma na gwammace a mare ni. Tace yaro ka san abin da ka yi laifi ne a dokar wurin nan? Nace Mama ki yi haƙuri baƙo ne ni, na ga kamar yunwa suke ji. Tace kowa haka yake cewa. Ta nuna min titi da sandarta, tace duk wanda ya ba su abinci daga mota ya koya musu cewa mota abinci ce, sai su bar tudu su dawo bakin titi su tsaya, dare ya yi hazo ya sauko, wani ya taho a guje. Kuma cikinsu bai saba da burodi da biskit ba, karas ma in ba a yanka ba yana shaƙe su, akwai masu kawo ciyawar da suka aske a gida da inji su zube musu wai taimako, ita kuwa tana kumbura musu ciki har ta kashe. Sannan wanda ya saba da karɓa ran da bai samu ba cizo yake yi, in ya ciji yaron wani shike nan an ce mugu ne sai a raba shi da dajin. Na tsaya kamar ɗan firamare, abokina yana cikin mota yana ƙunshe dariya.

Wani abu da ta faɗa shi ya tsaya min. Wai lokacin sanyi ana watsa gishiri a titi don kar ƙanƙara ta daskare, su kuma dawakin sai su sauko suna lasar kwalta. Na tuna kwaryar kanwar kawu. A 2015 har gwada shafa musu fenti mai ƙyalli a jiki aka yi don fitilar mota ta hasko su da dare, wasu kuma ana sa musu abin wuya mai ƙyalli, amma har yau duk shekara sai mota ta kashe tumaki da shanu da dawaki a hanyoyin nan, wasu direbobin ma ba sa tsayawa, su bar dabba da karyayyar ƙafa har gari ya waye.

Mun hau dutsen Haytor, mun sauko ta baya inda tsohuwar hanyar ɗaukar dutse take. Abin kallo ne, layin dogo ne amma maimakon ƙarfe da dutse aka sassaƙa shi, tun 1820, dawaki ke jan amalanken duwatsu a kai zuwa ƙasa. A nan ne na ga wani fili kore shar nace bari in yanke ta nan, taku biyu na nutse har ƙauri a cikin taɓo mai sanyi kamar ruwan firji, na zaro ƙafa kambas ya zauna a ciki sai da abokina ya sa hannu ya lalubo shi. Dawaki uku suna gefe suna kallona, su sun san inda ake takawa, uwa ce ke koya wa ɗanta, kowane garke da yankinsa da ya sani, inda ruwa yake da inda ake fakewa in iska ta taso.

Bayan mun wuce ƙauyen Widecombe ne muka ga godiyar da ta ɓata min rai. Tana tsaye a gindin wata katangar dutse ta ba iska baya, kai a ƙasa. Daga nesa ba za ka ga komai ba saboda gashin sanyi yana rufe rama, sai da muka matso na ga ƙashin kwankwasonta ya fito kamar an rataya riga a ƙusa, wuya ya sirance, bayanta ya yi kwari, ga ciki a gaba da alama na haihuwa ne, ga kuma duƙushin bara yana tura kai ƙarƙashinta yana neman nono. Kusa da ita wata godiyar ce mai irin shekarunta ko ƙasa, ita kam sumul, tana cin wata ƙaya mai furen rawaya, tana tattaune ta a hankali da gefen baki kamar mai cin rake. Wato daji ɗaya, sanyi ɗaya, wata ta riƙe jikinta wata ta zube.

Abokina da yake aikinsa kenan duba marasa lafiya ya daɗe yana kallonta, yace wannan ko haƙori ne ko tsutsar ciki, ko duka biyun. Akwai lambar waya da ake liƙawa a alluna don irin wannan, ta ma'aikaciyar da ke kula da dabbobin dajin, muka kira. An ɗauka, aka tambaye mu daidai ina ne, wane launi, akwai farin goshi, sannan aka ce kun ga tambarin mai ita a jiki? Muka zagaya muka duba, ina, gashi ya rufe komai. A nan na fara gane inda gizo ke saƙar. Kowace dabba a dajin nan da mai ita, babu dokin da ba na kowa ba, amma kafin a san na wane ne sai an sha aiki, su kuma ba sa yarda a taɓa su, in ka matso taku biyar su ja da baya taku biyar. Dokar ƙasar ta ce kowane doki sai da fasfo da 'yar na'urar shaida da ake cusawa a ƙarƙashin fatar wuya, amma an ɗage wa na Dartmoor da na wasu dazuzzukan Ingila irin su Exmoor da New Forest, ba dole sai ran da za a fitar da su daga dajin.

Muka shiga wani ɗan shagon shayi in busar da ƙafata. A teburin kusa akwai wani dattijo, hannayensa kamar icen gawo, takalmin roba duk laka, hula ta sha jiki. Ya ga ina ta jujjuya hoton godiyar a waya, ya miƙo hannu ba tare da ya ce komai ba, ya duba ya duba, ya ƙara girman hoton da yatsa, yace na san garken, na san mai ita, zan yi masa magana yau. Bai faɗi suna ba ni ma ban tambaya ba. Nace Baba, a ƙasarmu mai doki ko shi bai ci ba sai dokinsa ya ci, ya aka yi ku kuke sakin naku a wannan sanyin? Ya yi murmushi yace a ƙasarku doki nawa ne? Na faɗa masa abin da na sani, cewa doki mai kyau sai mai hali. Yace to ni akwai shekarar da na kai duƙushi kasuwa aka rasa mai taya shi fam 10, na biya kuɗin fasfo da na na'ura da na mota, na dawo da shi gida.

Mun fi awa muna hira, shayin ya huce aka sake kawo wani. Abin da na fahimta shi ne dawakin nan da can ma'aikata ne. Su ke ɗauko kuza daga ramukan haƙa a dajin, su ke kai ulu da kaya kasuwa, manomi da su yake zagaya tumakinsa, an riƙa haɗa su da wasu gajeru na tsibirin Shetland don a samu masu shiga ramin kwal, har gandurobobin kurkukun garin Princetown da ke cikin dajin a kansu suke raka fursunoni aiki. An ce an tono sawun kofato a dajin na shekara 3,500, kuma akwai wasiyyar wani bishop ta shekarar 1012 da ta ambace su. Wajen 1950 ana lissafin sun kai 30,000. Sai tarakta ta zo, babur mai ƙafa huɗu ya zo, ramukan kwal suka daina amfani da dabba, yau waɗanda suka rage a dajin ba su wuce dubu ɗaya da 'yan ɗaruruwa ba. Ina jinsa ina tuna jakunan garinmu, lokacin da muke yara su ke kawo yashi da itace da taki, yau babur da a-kori-kura sun karɓe aikin, jakin kuma ya koma ana bin sa don fatarsa har sai da Tarayyar Afirka ta hana cinikin a 2024.

Godiya kuwa ba ruwanta da kasuwa, in dai akwai ingarma a dajin duk shekara sai ta haihu. To ina za a kai 'ya'yan? Hurumin yana da iyakar adadin da aka yarda kowa ya saka. Dattijon bai ɓoye min ba, yace waɗanda ba su samu mai saye ba, musamman maza, harbe su ake yi a gona, akwai shekarun da ɗaruruwa suka tafi haka, naman a kai gidan namun daji a ba zakuna da damisa. Ya faɗe shi ne yana kallon kofinsa. Yace ba wanda ya raini dabba yake jin daɗin ranar nan.

Daga nan ne maganar cin nama ta taso. A 2014 ƙungiyar masu dawakin tudun Dartmoor ta fito ta ce mafita ita ce mutane su ci naman, in duƙushi yana da kuɗi a matsayin nama manomi zai riƙe shi shekara uku yana kiwo a daji maimakon a harbe shi yana wata shida, a cikin shekara ukun nan ma wataƙila a samu mai sayensa don hawa. Kafin nan a 2013 Gimbiya Anne, ƙanwar Sarki Charles, wadda duk ƙasar ta san ta da son dawaki, ta taɓa cewa a duba ko kasuwar nama za ta sa mutane su fi kula da dabbobinsu. Ai kuwa ƙasa ta ɗauka, don Bature ɗan Ingila cin doki a wurinsa kusan kamar cin kare ne, ga shi a 2013 ne aka yi badaƙalar naman doki da aka samu a cikin kayan da aka sayar da sunan naman sa. Ni kaina tsigar jikina ta tashi, mu da muka tashi a Malikiyya ba ma ci, kuma ko ba don fiƙihu ba wa zai iya kallon akawal ɗin kawu ya ga tsire? A mota muka yi ta musu da abokina, shi yana cewa ai gara shekara uku a daji da wata shida, ni ina cewa in aka buɗe wannan ƙofar an mai da su shanu kenan. Yace to saniyar me ta yi maka da ka yarda a yanka ta? Na yi shiru na kunna rediyo.

Akwai masu cewa a rage haihuwar tun daga tushe, kuma ni hankalina ya fi kwanciya da wannan. Wasu suna yi wa godiyoyi allurar hana ɗaukar ciki, wasu suna kwashe ingarmu daga hurumin na wasu shekaru, wasu kuma a yi wa ingarman aikin da zai hana shi ba da ciki amma ya ci gaba da tsare garkensa. Matsalar ita ce hurumi ba shi da shinge. Kai ka cire naka ingarman, maƙwabcinka na can tudun bai cire ba, damina ta zagayo ka ga godiyoyinka duk da ciki. Duk wanda ya taɓa zama a gidan haya mai rijiya ɗaya ya san irin wannan rigimar. Akwai majalisar masu haƙƙin kiwo da dokar 1985 ta kafa, ita ke da ikon sa doka a kan lafiyar dabbobi da irin ingarman da za a saki, tana iya sa a sauko da dabbar da ta rame, amma dajin da faɗi, masu zagayawa kaɗan ne.

Abin da ya fi ba ni haushi ban ma san da shi ba sai a bakin dattijon. Gwamnati tana biyan manoma tallafi don su kula da muhallin dajin, da sharaɗin kar dabbobi su wuce adadi kaza. A 2023 hukumar kula da muhalli ta Ingila ta nemi a rage dabbobi sosai a wasu wuraren, musamman da sanyi, tana cewa kiwo ya lalata tsirrai. To in aka ce maka ka rage, kuma doki da saniya a ma'auni ɗaya ake lissafa su, wanne za ka fitar, mai kawo kuɗi ko mai cin kuɗi? Kowa ya san amsa. Alhali dawakin nan su ke cin ƙayar nan da wata doguwar ciyawa mai tauri da tumaki ba sa taɓawa, su tattake ganyen da ke shaƙe fili, su buɗe wa ƙananan tsirrai da tsuntsaye wuri. An yi ta hayaniya har gwamnati ta sa aka yi bincike mai zaman kansa ƙarƙashin David Fursdon, rahoton ya fito Disamba 2023, a ciki aka ba da shawarar a daina haɗa lissafin dawaki da na shanu. Dattijon dai ya ɗaga kafaɗa yace takarda ce, sai mun gani a ƙasa.

Da za mu rabu yace in da gaske kake ka dawo farkon Oktoba ka ga ranar kora, ranar da ake koro dawakin daga tudu. Ban yi zaton zan koma ba, amma na koma.

Ranar da sassafe muka tsaya a inda ya ce, bayan wata katanga, aka gargaɗe mu kar mu yi motsi kar mu ɗaga waya sama. Hazo ya rufe tudun, ba ka ganin komai, sai ƙarar babura daga nesa da ihun mutane da haushin karnuka. Can sai ƙasa ta fara rawa. Na san wannan rawar, duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar fada ranar hawan sallah lokacin jafi ya san ta a tafin ƙafarsa, sai dai nan ba algaita ba kwalliya, dawaki ne tsirara sun fi ɗari suka ɓullo daga cikin hazo, geza na tashi, tururi na fita daga jikinsu, 'yan duƙushi na manne da iyayensu, a bayansu mahaya da masu babur mai ƙafa huɗu, har da yara 'yan mata a kan nasu ƙananan dawakin. Aka kwararo su cikin wani lungu mai katanga hagu da dama har cikin shinge aka rufe.

Daga nan aiki ya fara, kuma ba kyan gani. Ana ware na kowa ta tambarin da aka ɗana masa da wuta, irin yadda Fulani ke yi wa shanu alama, gashi bai yi kauri ba tukuna don haka ana gani. Ana duba haƙori da kofato, a ɗura wa wasu maganin tsutsa, a ware waɗanda ba za su iya wani sanyin ba. Sau ɗaya kenan a shekara da yawancinsu hannun mutum ke taɓa su, ido duk ya firfito, suna hawa kan juna. Sai raba uwa da ɗa. Wani ɗan ja mai farin goshi aka tura shi wani shingen, uwar ta bi katanga tana haniniya shi ma yana amsawa da 'yar siririyar murya, ta kai ƙirji ta bugi ƙyauren har sau uku. Wata mata 'yar yawon buɗe ido kusa da ni tana ta hawaye tana cewa zalunci ne. Matar da ke riƙe da ƙyauren, wadda tun ƙarfe biyar take dajin, ta juyo tace mata in an bar shi yana tsotso har sanyi uwar ce za ta mutu, za ki saye shi? Ba ta amsa ba. Ni ma da na zo da bakina cike da labarin gatan doki ban ce komai ba, don ɗakin da nake haya a Landan ko akuya ba zai ɗauka ba.

'Ya'yan da aka ware wasu gwanjon garin Chagford za a kai su cikin watan, inda masu saye suka fi son masu launi-launi irin dandan nan da ya cafki rigata, shi ya sa ma suka yi yawa a dajin, asalin na Dartmoor mai takardar shaidar jinsi ba ya zuwa da wannan launin. Wani abin dariya, cinikin doki a Ingila har yau a wurare da yawa da gini ake yi, fam ɗaya da sule ɗaya, lissafin da kakata ce kawai na taɓa ji tana yi. Wasu kuma ƙungiyoyin agaji ke karɓa su horar da su har su saba da mutum, a samar musu gida, ko a kai su kiwo a wasu gandayen da ake son a rage ciyawa.

Na sami dattijon a jikin shinge yana shan shayi daga murfin fulas. Nace Baba ina godiyar nan tawa? Yace an sauko da ita a satin da muka gan ta, haƙoranta ne suka cinye, ta tsufa, an ba ta abinci a gona ta haihu lafiya cikin Mayu, 'ya mace. 'Yar za a riƙe ta ta koma garken. Nace uwar fa? Yace ba za ta sake hawa tudu ba. Na gane abin da yake nufi, ban ƙara tambaya ba, ya zuba min shayin a wani kofin roba ya miƙo min.

Da yamma aka buɗe ƙyaure aka saki waɗanda za su koma. Ba gudu suka yi ba kamar yadda na zata, a jere suka bi hanyar suna hawa, wasu godiyoyin suna tsayawa suna waiwaye suna kira.

A jirgin komawa na kira kawu ta WhatsApp, yanzu ya tsufa, akawal ya daɗe da mutuwa amma turken yana nan bai yarda a cire ba. Na tura masa bidiyon korar, ya sa ƙanena ya kunna masa har sau uku. Yace kai waɗannan ai jakuna ne da geza. Nace kawu dawaki ne, haka Allah ya yi su. Yace duk nasu na mutum ɗaya ne? Nace na mutane da yawa ne. Yace kuma a waje suke kwana, da ruwa da komai? Nace eh ranka ya daɗe. Ya yi shiru har na zaci layin ne ya yanke, sannan yace to wa ke ba su kanwa? Nace ba mai ba su kawu, gishirin titi suke lasa. Yace titin da mota ke bi? Nace shi. Yace la'ilaha illallahu, sannan na ji yana ce wa ƙanena ya sake kunna masa daga farko.